Lissafin Da Ke Bakin Ƙofar Galadima

Wanda duk ya bi ta Ƙofar Galadima a birnin Zariya da la'asar sakaliya, wataƙila ya tarar da dattawa biyu a gindin itace sun haƙa gurabu talatin a ƙasa, layi biyar na shida-shida, kowa ya riƙe 'ya'yansa goma sha biyu, suna dara. Ba a rasa yara tsugune a gefensu. In mutum ya kasa kunne, sai ya ji wani yaro ɗan shekara tara ko goma yana raɗa wa ɗan'uwansa cewa in tsohon nan ya matsa wancan tsinke, abokin wasansa zai jera uku ya ci shi. Watau yaron ya hango abin da zai faru bayan motsi biyu ko uku, tun hannu bai kai ga tsinke ba.

Abin mamaki shi ne, sau da yawa irin wannan yaro ne da safe ake ce masa daƙiƙi a aji, don ya manta bakwai sau takwas. An sa masa tsoron lissafi tun yana aji uku, ya tashi da shi har sakandare. Ranar da ya zo neman shiga jami'a kuwa, sai a nemi ya kawo sakamako mai kyau a lissafi, a tarar babu, ƙofa ta rufe. Alhali abin nan da yake yi a gefen dara lissafi ne sosai, yana da suna a wurin masana, yana da littattafai, har da shaihunan malamai da suka ƙare rayuwarsu a kansa. Abin da ya kamata shi ne a shigar da wannan fanni cikin karatun yaran firamare da na ƙaramar sakandare, waɗanda mutanen dā ke kira elementare da midil.

Da farko sai a san ko mene ne fannin. Abubuwan duniya iri biyu ne wajen lissafi. Akwai waɗanda ake aunawa, kamar ruwa da nisa da lokaci, waɗanda kome ƙanƙantar yanki ana iya sake raba shi. Akwai kuma waɗanda ake ƙirgawa ɗaya-ɗaya, kamar mutane da ƙofofi da ranaku da gurabun dara, waɗanda babu rabi a tsakaninsu. Ba a cewa mutum biyu da rabi sun zo gaisuwa. To, ilmin da ke duba irin waɗannan na biyu, yadda ake jera su, da yadda ake zaɓa daga cikinsu, da yadda suke haɗuwa da juna, da matakan da ake bi ɗaya bayan ɗaya har a kai ga biyan bukata, shi ne za a iya kira lissafin ɗaiɗaiku.

A kan wannan lissafi aka gina kwamfuta da wayar hannu. Duk saƙon da ke cikin waya, da hoto da murya, jerin sifiri da ɗaya ne kawai. Lambar sirri mai adadi huɗu da ake cirar kuɗi da ita a banki tana da fuska 10,000, domin kowane gurbi cikin huɗun yana karɓar adadi goma. Hanyar ɓoye saƙo da mutum uku, Rivest da Shamir da Adleman, suka fito da ita a Amurka a 1977, wadda aka daɗe ana tsare dukiyar mutane da ita a intanet, ta dogara ne a kan adadin nan da ba su rabuwa sai da kansu da ɗaya, irin su 7 da 11 da 13. Ashe al'ummar da 'ya'yanta ba su san wannan fanni ba, za ta dawwama tana sayen abin da wasu suka ƙera, ba ta san cikinsa ba.

Mai karatu kada ya zaci sai an je nesa za a samo misalin da za a ba yara. Ganuwar Zariya kanta allo ce. Ƙofofin da aka saba lissafawa takwas ne: Doka, da Kibo, da Kuyambana, da Gayan, da Kona, da Galadima, da Bai, da Jatau. Malami ya ɗiga ɗigo takwas a ƙasa, ya tambayi yara, in ana so a shimfiɗa hanya miƙaƙƙiya tsakanin kowace ƙofa da kowace, hanya nawa za a yi? Za su fara ja suna ƙirgawa suna rikicewa. Can wani zai lura cewa daga Ƙofar Galadima hanya bakwai ke fita, daga ta biyu saura shida da ba a ja ba, daga ta uku biyar, har zuwa ɗaya. A tara, a sami 28. Yaron da ya gano haka da kansa ya riga ya san musafaha nawa za a yi in mutum takwas suka gaisa da juna a zaure, ko wasa nawa za a buga in ƙungiyoyin ƙwallo takwas kowace ta kara da kowace sau ɗaya. Tambaya uku, amsa ɗaya. Ranar da yaro ya gane dalilin haka, ranar ya fara ɗanɗana lissafi.

Sa'an nan a ƙara musu da wata. Mai tallan goro ya tashi daga Ƙofar Galadima, yana so ya ziyarci sauran bakwai ɗin kowace sau ɗaya. Jeri nawa zai iya bi? Ta farko yana da zaɓi bakwai, ta biyu shida, haka har ƙarshe. In aka riɓanya su sai a sami 5,040. Da ƙofofin goma sha biyar ne, da jerin ya haura biliyan 87. Nan yaro zai ga cewa akwai matsalar da ba a warware ta da gwada kowace hanya, sai da dabara. Wannan matsala ce ta gaske, ita ce ke gaban duk mai motocin rarraba kaya da ke son ya rage shan mai, kuma har yau masana ba su sami hanya mai sauri da ke ba da amsa mafi kyau a kowane hali ba.

Wani zai ce ai wannan ilmin Turawa ne. Tarihi bai goyi bayansa ba. A ƙarni na goma sha takwas an yi wani malami Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi. Ya yi karatu a ƙasar nan, ya tafi aikin hajji wajen 1730, ya zauna a Masar. A shekarar 1145 ta Hijira, watau tsakanin 1732 da 1733, ya kammala wani littafi da Larabci mai suna Bahjatul Afaƙi, inda ya bayyana hanyoyin gina wafaƙi, abin da Hausawa suka fi sani da hatimi, musamman mai gidaje mara, kamar uku-uku da biyar-biyar da bakwai-bakwai. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, kuma ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti mai tarihin Masar, ya rubuta labarinsa. A 1973 wata malamar lissafi Ba'amurkiya, Claudia Zaslavsky, ta kawo aikinsa cikin littafinta Africa Counts, malaman makaranta na can suka san shi ta nan. Abin kunya ne a ce ana ambaton Bakatsinen nan a azuzuwan ƙetare, yaran Katsina da Zariya ba su taɓa jin sunansa ba.

Ga wata sananniyar hanya ta gina hatimi mai gida tara, wadda yaron aji huɗu zai iya. A sa 1 a gidan tsakiya na layin sama. Kowane adadi na gaba, a hau gida ɗaya a karkata dama gida ɗaya. In an fita ta sama a dawo ta ƙasa, in an fita ta dama a dawo ta hagu. In an tarar da gidan a cike, a sauka ƙarƙashin adadin da aka rubuta na ƙarshe. Da an gama, daga hagu zuwa dama, layin sama zai zama 8, 1, 6, na tsakiya 3, 5, 7, na ƙasa 4, 9, 2. Ta kowace fuska aka tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace, 15 za a samu. Sai malami ya tambaya, don me 15? Domin jimlar 1 zuwa 9 ita ce 45, layi kuwa uku ne. Daga nan yaro zai iya faɗin jimlar mai gida ashirin da biyar tun bai zana shi ba: 325 a raba biyar, 65. Ya kuma gwada hanyar nan a kansa ya ga ta yi. Abin da wasu ke jingina wa hatimi na asiri da neman biyan bukata, wannan magana ce ta malaman addini, su ke da hukuncinta. Abin da makaranta ke bukata a cikinsa shi ne tsarin adadin, wanda ba ya ɓoye kome, kowa na iya bincika shi da yatsa a kan rairayi.

A daidai zamanin da Bakatsinen nan ke Masar, wani masani mutumin Suwizalan, Leonhard Euler, yana birnin Fitasbag na Rasha yana duba wata tambaya da mutanen garin Konigsbag ke yi wa juna. Kogi ya raba garinsu yanki huɗu, gada bakwai ta haɗa su. Shin mutum zai iya ƙetare kowace gada sau ɗaya tak a tafiya guda? Ya gabatar da amsarsa a 1735, aka buga ta a 1741. Ya ce a ƙirga gadojin da ke taɓa kowane yanki. Duk yankin da mutum zai ratsa, sai ya shiga ta wata gada ya fita ta wata, saboda haka gadojinsa cika ne. Wurin farawa da wurin ƙarewa kaɗai ke iya zama mara. A garin nan kuwa duka yankunan huɗu mara ne, ɗaya biyar, sauran uku-uku, don haka tafiyar ba ta yiwuwa. Daga wannan 'yar amsa aka sami tushen ilmin da ake tsara hanyoyin waya da na lantarki da shi. Yaran aji shida na iya zana lungunan unguwarsu, su ƙirga hanyoyin da ke haɗuwa a kowace mararraba, su faɗa ko mai shara zai iya bin kowane lungu ba tare da ya maimaita ba.

Ba hatimi kaɗai ke nan ba. A zaurukan karatu na Unguwar Juma da Kona, ɗalibin da ya kai babin gado a Risala ya san abin da ake kira asalin mas'ala. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa namiji. Mata tana da tumuni, uwa tana da sudusi. Sai a nemi adadi mafi ƙanƙanta da takwas da shida ke shiga cikinsa ba saura, a sami 24. Mata ta ɗauki 3, uwa 4, ɗa 17. Wannan shi ne ainihin darasin da ake wahalar da yara da shi a firamare da baƙin sunaye, alhali kakanninsu sun ƙware a kai. Haka lissafin ranaku. Kowace tsohuwa ta san jaririn da aka haifa ran Litinin, ran Litinin ta sama za a raɗa masa suna. In aka tambayi yaro wace rana ce kwana arba'in bayan Litinin, sai ya zubar da bakwai-bakwai sau biyar, saura biyar, ya ƙirga ya faɗa kan Asabar. Lissafin saura ke nan, kuma shi ne ƙashin bayan hanyar ɓoye saƙon nan da aka ambata. Ko a tara yara takwas a tambaye su ranar da aka haifi kowa. Tilas a sami biyu da suka yi tarayya, ko Ladi biyu ko Jummai da Ɗanjuma, domin kaji takwas ba su shiga akurki bakwai sai biyu sun haɗu. Wannan hujja ce cikakkiya, kuma yaro ɗan shekara bakwai zai gane ta.

To, amma akwai masu tsoro, kuma tsoronsu yana da dalili. Sun tuna abin da aka kira lissafin zamani. Tun daga 1962 aka riƙa taruwa a Entebbe ta ƙasar Yuganda ana rubuta sababbin littattafan lissafi don makarantun Afirka, aka shigo da su Nijeriya. Aka kawo wa yara alamomi da kalmomin da malamansu ma ba su gama fahimta ba, iyaye suka kasa taimaka wa 'ya'yansu a gida, aka yi ta kukan cewa yara ba su iya tarawa da ɗebewa ba. Ga shi kuma a 1976 an buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, yara suka yi ambaliya, malamai ƙwararru suka yi kaɗan. A farkon 1977 Kwamishinan Ilmi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya ba da sanarwar soke shi a makarantun firamare. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai ya kamata a duba abin da ya kayar da wancan shiri. An fara da littafi kafin malami, an fara da suna kafin abu, an kuma yi sakaci da tsohon lissafi. Waɗannan kurakurai uku ana iya kauce musu.

Masu cewa babu lantarki babu kwamfuta a makarantun cikin birni da ƙauyuka, su ma ga amsarsu. Tun cikin shekarun 1990 wasu malamai uku, Tim Bell da Ian Witten da Mike Fellows, suka tsara darussan ilmin kwamfuta da ake koyarwa ba tare da na'ura ba, da katuna da igiya da alli, aka fassara su cikin harsuna da yawa. Ga misalin irinsu da kayan gida. A ƙulla goro a ƙunshi biyar: 1, da 2, da 4, da 8, da 16. Duk adadin da mai saye ya nema daga 1 zuwa 31, ana iya ba shi ba tare da an kwance ƙunshi ba. In ya ce 21, a ba shi na 16 da na 4 da na 1. Kowane ƙunshi ko an bayar ko ba a bayar ba, watau ɗaya ko sifiri. Yaron da ya yi wannan wasa ya san yadda kwamfuta ke ƙirga, ko da bai taɓa ganinta ba. Haka taswirar Jihar Kaduna da ƙananan hukumominta 23: a ba yara launi huɗu su shafa, kada maƙwabta biyu su zo da launi ɗaya. Tun 1852 aka yi zaton launi huɗu sun isa kowace taswira, ba a tabbatar ba sai 1976, da Appel da Haken suka yi shi da taimakon kwamfuta. Yaro ya san cewa tambayar da ke hannunsa ta gagari manya shekara 124.

Abin da ake roƙo a wurin hukuma ba mai yawa ba ne. Ba a ce a ƙirƙiro sabon darasi mai jarrabawarsa ba, balle a rage jadawalin sau da tarawa da rabawa, domin su ne tubalin. A ware darasi ɗaya cikin mako daga lokacin lissafi. A ƙananan azuzuwa a yi jeri da rarrabewa da lissafin ranaku. Daga aji huɗu zuwa shida a yi hatimi da musafaha da ƙunshin goro da taswira. A ƙaramar sakandare a shiga hanyoyi da mararraba, da ƙirga jeri, da rubuta matakan aiki ɗaya bayan ɗaya yadda wani zai bi bai ɓata ba, da kawo hujja a kan abin da aka faɗa. A kuma bar yaro ya yi bayanin dalilinsa da Hausa tukuna, kāna a ba shi sunan abin da Turanci, gama wanda bai iya kawo hujja da harshen uwarsa ba, da wuya ya kawo ta da na wani.

Kafin kome kuwa, malami. Zariya ba ta da uzuri a nan. Jami'ar Ahmadu Bello tana nan tun 1962, da sashenta na lissafi wanda Farfesa Iya Abubakar ya shugabanta kafin ya zama shugaban jami'ar daga 1975 zuwa 1978, da cibiyarta ta ilmi mai horon malamai. Cibiyar Malamai ta Ƙasa tana Kaduna tun 1976. In waɗannan suka haɗa kai da hukumar ilmin bai-ɗaya ta jiha, suka rubuta ɗan littafi da Hausa, boko da ajami, mai wasanni talatin ko arba'in da bayanin dalilin kowanne, suka tara malamai lokacin hutu suka yi wasannin da hannunsu, an gama rabin aiki. A fara da 'yan makarantu kaɗan na cikin ganuwa, a duba sakamako shekara biyu ko uku, abin da ya yi a faɗaɗa, abin da bai yi ba a gyara. Sannu ba ta hana zuwa. Malaman zaure masu fara'ili su ma a gayyace su, domin suna da abin koyarwa a nan, kuma ganinsu zai kwantar da hankalin iyaye.

Iyaye kuma ba sai sun jira hukuma ba. Uba ya daina korar ɗansa daga gefen dara, ya zaunar da shi ya tambaye shi don me ya ce a matsa wancan tsinke. Uwa ta ba 'yarta lissafin ranar suna da ta arba'in, ta nemi ta faɗi yadda ta yi. 'Ya'ya mata ba a bar su baya ba, gama wadda ke riƙe lissafin adashin mutum goma a ka, ta san wa ya ɗauka wa ya saura, ba ta rasa kan wannan ilmi ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga ɗaya da mai karatu zai gwada wa yaran gidansa yau da dare. Mutum ya iso bakin kogin Galma da kura da akuya da damin harawa. Kwalekwalensa ba ya ɗaukar kowa sai shi da abu ɗaya. In ya bar kura da akuya, an yi ɓarna. In ya bar akuya da harawa, haka. Yaya zai ƙetare da su duka lafiya? Ƙetarawa bakwai ta isa. Kada a faɗa musu amsa, a ba su tsakuwa uku su yi ta gwadawa, wanda ya samo kuma a ce ya nuna dalilin da ya sa ba a yi da ƙasa da bakwai.

Allah ya sa a gane, ya buɗa ƙwaƙwalen yara, ya ba malamansu haƙuri.